Ranar da Ɗinkin Maiwada Ya Ɓalle

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Manfuha a shekarun da kuɗin mai ya fara kwarara cikin Riyad ya san shagon Alhaji Maiwada tela. Ba wani shago ba ne na a zo a gani. Ɗaki ne na ƙasa mai ƙofar langa-langa, da keken ɗinki mai ƙafa, da benci guda wanda 'yan hira suka sulɓe shi da zama. Amma sunan mai shagon ya fi shagon girma nesa ba kusa ba, kuma a kan abu ɗaya aka san shi: tunda ya fara riƙe allura, ɗinkinsa bai taɓa warwarewa a jikin mutum ba. Yadi yakan tsufa, ya koɗe, ya yage a tsakiya, amma inda allurar Maiwada ta bi yana nan daram. Har ta kai in aka ga abokai biyu da ba sa rabuwa, sai a ce da su ɗinkin Maiwada.

A Soron Ɗinki ta Kano ya koyi sana'ar, wajen wani kawunsa mai zafin hannu. In ka gama riga, kawun nan zai take gefe ɗaya da ƙafa, ya ja ɗayan da hannu biyu, in zare guda ya yi ƙara to ranar ka shiga uku. Daga nan ya kamo hanyar gabas ta ƙasa, ya ratsa Cadi da Sudan, yana ɗinki yana tafiya, shekara uku kafin ya ga Ka'aba. Ya daɗe a Makka, ya yi aure a can. Da kamfanoni suka cika Riyad suna neman mai ɗinka wa leburori kayan aiki, sai ya kwaso matarsa Sabuwa da 'ya'ya biyu ya dawo Manfuha. Bai gina gida a Kano ba, bai sayi mota ba, 'ya'yan ma sun fi jin Larabci da Hausa. Wannan suna shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma ya san da haka sarai.

A farkon shekarar 1977 ne Lado direba ya faka motar kamfani a ƙofar shagon. Lado ɗan Damagaram ne, yana tuƙa wa wasu Jamusawa masu gina hanya, kuma Allah ya yi masa bakin da ba ya ajiye zance ko na minti biyar.

"Kawu, tashi mu je. Matar mudir, wato shugaban kamfaninmu, ita ke neman tela."

"Me za a ɗinka?"

"Kayan wasa. Wasan kwaikwayo za su yi a kwatas ɗinsu, amma wallahi ba irin wanda ka sani ba. Ba sa magana, komai da waƙa suke yi. Ko ruwa mutum zai roƙa, sai ya rera."

Maiwada ya ce a'uzubillahi, sannan ya ɗauki tef ɗin awonsa ya shiga mota, don shi mai son ganin ƙwaƙwaf ne ko da yake ba ya yarda a faɗa.

Kwatas ɗin yana can bayan gari wajen Shifa, inda a lokacin babu komai sai fili da turakun masu awon ƙasa. Katanga ce doguwa, a ciki gidajen katako a jere da ɗan lambun da ake shayarwa da ruwan tanka. Matar mudir, Madam Irma, doguwa ce mai furfura, ta yi koyarwar kiɗa a ƙasarsu kafin aikin miji ya kawo ta inda ba ta da abin yi sai kallon katanga. Ta bakin Lado ta yi masa bayani. Wasan tsoho ne, ya kusa shekara ɗari biyu, na ban dariya. Da Jamusanci aka fara yin sa, daga baya wani ya juya shi zuwa Ingilishi ya rage masa tsawo, kuma wannan juyin ta zaɓa saboda kwatas ɗin akwai Ingilishi da 'yan Holan da Labanawa. Wata huɗu ke nan tana horar da injiniyoyi da matansu da wata nas. Za a yi sau biyu, Alhamis da Alhamis, bayan la'asar.

Cikin mako uku Maiwada ya ɗinka kaya goma sha huɗu, riguna masu tattara da wanduna iya gwiwa waɗanda ya rantse ko mahaukacin Kurmi ba zai sa ba. Saura guda, kwat ɗin magajin gari, wanda shi ne babba a wasan. Jan karan-miskin da aka yi odarsa ya maƙale a jirgin ruwa a Jidda, bai iso ba sai ranar Talata. Madam ba ta jira tela ba, ta yanka da kanta ta haɗa, ranar Laraba ta miƙa wa Maiwada. Ta ce kalmasa kawai zai yi, ya sa maɓallan tagulla goma sha biyu, sauran ya bar shi yadda yake. Har sau biyu ta sa Lado ya maimaita, kuma Maiwada ya ji sarai.

Da ya koma shago ya juya kwat ɗin ciki waje, sai da ya yi salati. Hannun dama da ɗan farin zare aka kama shi a kafaɗa, taku ɗaya ya kai faɗin yatsa biyu, ko yaro ya ja zai biyo shi. Ga kuma wani dogon aljihu da aka yi a cikin shafin hannun, wanda bai ga amfaninsa ba, amma wannan ya bar shi a kan halin Turawa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kafaɗar. Tausayin matar ya kama shi. Baiwar Allah, ga ilimi ga kirki, amma ba wanda ya koya mata riƙe allura, kuma gobe wannan abin kunya zai fita gaban jama'a.

Sabuwa ta kawo masa abinci ta tarar yana warware farin zaren.

"Malam, ba ka ce an ce ka bar shi ba?"

"An ce. Kunya ce ta sa ta faɗi haka, ba ta son ta ɗora mini aiki."

"To ka aika Lado ya gaya mata mana."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta yi saɓo. "In je in ce wa matar mutane ɗinkinta ba shi da kyau? Ke in kin ga ɗankwalin maƙwabciyarki zai zame a taron biki, shela za ki yi? Gyara mata za ki yi ki wuce."

Haka aka koya masa, kuma haka ya yi wa teloli da yawa a rayuwarsa: in aikin wani ya biyo ta hannunka da aibi, ka rufa masa asiri, ka gyara, ka yi shiru. Ya sa zare mai ƙwari ya goga masa kakin zuma, ya ɗinke kafaɗar da hannu, layi biyu, taku kan taku. Sannan ya yi abin da ya ɗauka shi ne cikar mutunci. Ya ɗauko farin zarenta ya mayar da shi a kai, da manyan takunta yadda ta yi su, don in ta duba ta ɗauka aikinta ne ya riƙe. Ya kai kwat ɗin da hantsin Alhamis, Madam ta leƙa kafaɗa ta ga farin zarenta, ta yi godiya, ta ce lalle ya tsaya ya ga wasa.

A ɗakin cin abincin kamfani aka yi. An toshe tagogi da barguna, an haɗa tebura an yi dandamali, mutum wajen ɗari biyu a zaune. Maiwada da Lado suka tsaya can baya kusa da ƙofa, tare da masu dafa abinci. Niyyarsa ya ga yadda kayan suka zauna a jiki ya fice. Madam ta zauna gaban piyano, wasu mutum uku suka ɗaga gogensu, aka ja labule.

Bai fice ba. Nas ɗin nan, wadda ya auna ta yana kawar da kai, ita ta fara buɗe baki, sai wata murya ta fito wadda bai san ana ajiye irinta a ƙirjin ɗan Adam ba. Ta hau, ta ƙara hawa, ta tsaya can sama tana rawa ba ta faɗo ba, har Maiwada ya ji shi ne numfashinsa ke ƙarewa. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya yi istigfari sau ɗaya, daga nan ya manta da yi. Ya ji mawaƙa a Kano, ya ji a Sudan, amma duk mutum ɗaya ne ke bayarwa sauran su amsa. Waɗannan kuwa sai mutum biyu, uku, su kama waƙa lokaci guda, kowa da tasa maganar, kowa da tasa hanyar, kuma ba mai taka wani. Abin ya yi masa kama da aikin wuyan babbar riga, zare kala-kala kowanne na bin gabansa, sai ka ja da baya ka ga ashe fure ɗaya suke yi. Ya rasa abin cewa sai "Ikon Allah," yana ta maimaitawa a hankali.

Lado na raɗa masa labarin. An sace cokulan azurfa na gari, magajin gari ya ɗora wa wani mai gasa burodi, za a kore shi daga garin. Magajin garin wani injiniya ne mai tumbi, Mista Otto, kuma jan kwat ɗin ya zauna masa ɗas. Yana tsalle, yana juyi, yana ɗaga hannu, kafaɗa ko gezau. Maiwada ya ji daɗi har cikin ransa.

Can kusa da ƙarshe, nas ɗin, wadda ita ce ƙanwar mai burodi a wasan, ta durƙusa ta kama hannun kwat ɗin magajin gari tana roƙo. Kiɗa ya yi sama, ta ja. Ba abin da ya faru. Madam ta ɗago kai daga piyano, ta sake buga wurin, nas ta sake ja da ƙarfi. Shiru. Mai burodi ya taso ya kama, wanda ke yin ɗan doka shi ma ya kama, su uku suka haɗu suna ja, har suka jawo Mista Otto da tumbinsa tun daga wannan gefen dandamali zuwa wancan, ya zame ya zauna daɓas. Jama'a suka fashe da dariya har da masu buga ƙafa.

Maiwada ya gyara hula. "Ku ja," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ku kira na waje ma su taya ku."

Lado ya juyo, idonsa a waje. "Kawu, me ka yi wa rigar nan?"

"Gyara na yi."

"Wayyo Allah! Ai so ake ya cire! Cokulan suna cikin hannun, shi ne ɓarawon. In ta ja hannun ya ɓalle, cokula su zube, asirinsa ya tonu, sannan su shida su yi babbar waƙar. Kullum ina jin su suna gwadawa, duk wasan babu kamarta."

Maiwada ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi. A kan dandamali, Mista Otto ya rasa dabara, ya tuɓe kwat ɗin da kansa ya zazzage cokulan, ɓarawo ya tona kansa ba dalili. Masu goge suka ruɗe, wani ya shiga waƙa kafin lokaci, wata ta fashe da dariya ta kasa tsayawa, aka ja labule a haka. Jama'a sun tafa, don sun sha dariya. Amma Maiwada ba jama'a yake kallo ba. Madam yake kallo, ta rufe piyano a hankali ta ɗora hannuwa a kai ta zauna, ba ta juyo ba.

Da mutane suka watse ta sa aka kira shi. Kwat ɗin na kan cinyarta a juye, ta ɗaga farin zarenta da farce, ga nasa layi biyu a ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaya ta bakin Lado, me ya sa ya mayar da zarenta a kai.

Maiwada ya sunkuyar da kai. "Gaya mata ban so ta san na ga aibin aikinta ba."

Lado ya faɗa. Madam ta yi wata irin dariya, hawaye na zubo mata. Ta ce tunda take ba a taɓa lalata mata aiki da ladabi irin wannan ba. Sannan ta share ido ta ce saura Alhamis ɗaya. Ita kanta ta kwana da fargabar nata ɗinkin, don cokula goma sha biyu suna da nauyi, tana tsoron hannun ya faɗo tun a rawar farko. Abin da take so shi ne hannun da zai riƙe awa guda ana tsalle da shi, sannan ya cire da ja ɗaya, a daidai bugun da take so. Ta ce in akwai mai iya wannan a Riyad, shi ne.

Maiwada ya karɓi kwat ɗin. Ya dubi Lado, ya dubi masu dafa abincin nan da ke kwashe kujeru, biyu daga cikinsu a Manfuha suke kwana. Ya san yadda labari ke tafiya. Ba wanda zai tsaya bayanin cokula da kiɗa. Abin da zai isa bencin shagonsa shi ne ɗinkin Maiwada ya ɓalle gaban Turawa ɗari biyu suna dariya. Shekara talatin da biyar yana tsaron wannan suna. Ya naɗe kwat ɗin ya sa a hammata, ya ce zai duba.

Kwana biyu kwat ɗin na rataye a ƙusa bai taɓa shi ba. Yana iya mayar mata ya ce ta yi irin nata, ba wanda zai zarge shi. Amma muryar nan ta ƙi barin kunnensa. Yana taka keke yana jin ta, yana alwala yana jin ta, kuma kullum sai ta kai daidai inda aka ja hannun riga ta tsaya cak. Mutum shida sun yi wata huɗu suna haɗa abu, shi ya sa allura ya ɗinke bakinsa. Abin ya dame shi ƙwarai, kuma gaskiyar magana, yana so ya ji waƙar nan kamar ransa zai fita.

Ranar Lahadi yana zaune a tsakar gida, Sabuwa ta jawo sabon buhun shinkafa. Ta laluba bakin buhun, ta kama bakin zare guda ta ja, ɗinkin ya zare tsaf tun daga wannan kusurwa har waccan. Buhun da ya sha jifa daga jirgi zuwa mota bai zubar da ƙwaya ba. Maiwada ya miƙe tsaye, ya ce ta ba shi zaren.

Sai da ya ɓata yini biyu kafin ya iya yin irin ɗinkin sarƙar bakin buhun nan da hannu a kan karan-miski, ƙanana yadda ido ba zai gani ba. Ya bi da bakin zaren ta cikin shafi ya ɗaure shi a maɓallin ƙarshe na wuyan hannu. In ba wannan maɓalli aka ja ba, ko raƙumi aka ɗaura hannun ba zai motsa ba. Ya kulle ƙofar shago, abin da bai taɓa yi da rana ba in ba lokacin salla ba, ya sa wa Lado kwat ɗin da cokulan Sabuwa a ciki, ya sa shi tsalle har ya yi gumi. Sau goma sha tara suna gwadawa, yana sake ɗinkewa. Ranar Laraba ya je da kansa ya nuna wa nas ɗin maɓallin, ya nuna mata da yatsa yadda za ta ja shi ƙasa.

Alhamis ta biyu ɗakin ya fi cika, don labarin dariyar makon jiya ya zaga wasu kwatas ɗin. Maiwada ya tsaya inda ya tsaya. Wannan karon bai ji daɗin rawar Mista Otto ba, duk tsalle ɗaya sai gabansa ya faɗi. Kafaɗa ta riƙe. Aka zo wurin. Nas ta durƙusa, kiɗa ya yi sama, yatsunta suka sami maɓallin. Madam ta sauke hannu a kan piyano, a daidai wannan bugun hannun kwat ɗin ya zare ya biyo ta, cokula suka watsu a kan katako da ƙara. Ɗakin ya ɗauki ihu da dariya. Ɗinkin Maiwada ya ɓalle, kowa ya gani.

Kafin dariyar ta lafa, mai burodi ya fara, shi kaɗai, a hankali. Ƙanwarsa ta shiga ta samansa. Magajin gari ya shiga ta ƙasa da muryarsa mai kauri, hannu ɗaya tsirara. Na huɗu, na biyar, na shida, kowa da abin da yake faɗa, mai murna da mai kunya da mai mamaki, suna hawa suna sauka suna ratsa juna, har suka taru a wuri ɗaya suka tsaya tare. Ɗakin ya yi tsit. Maiwada bai san kalma ɗaya a ciki ba. Ya jingina da bango, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Madam ta so ya hau dandamali a tafa masa, ya ƙi, ya ce magariba ta kusa. Sai ta naɗe hannun kwat ɗin ta ba shi.

Abin da ya ji tsoro kuwa bai fasa zuwa ba. Kafin sallar Juma'a labari ya gama Manfuha, kuma yadda ya zata haka ya iso, babu cokula babu kiɗa. Inuwa mai shayi, wanda suka saba tsokanar juna, ya leƙo shago yana murmushi, ya ce, "Alhaji, ashe kai ma mutum ne?" Wani ɗan kasuwa da ya ajiye yadin riguna uku ya aiko a karɓa. Maganar nan ta ɗinkin Maiwada da ake yi wa abokai ta daina fitowa a bakin mutane, in ma ta fito to da dariya ne. Abin ya yi masa ciwo, bai ɓoye wa Sabuwa ba. Amma ko sau ɗaya bai zauna a benci ya kare kansa ba, don a ganinsa duk bayanin da zai yi sai ya ambaci farin zaren Madam.

Kamfanin ya gama hanyarsa bayan shekara biyu, aka kwashe gidajen katakon, gari ya haɗiye wurin. Maiwada bai sake jin irin waƙar nan ba har ya bar duniya. Ya ci gaba da ɗinki a Manfuha sai da ido ya gaza, kuma ba a sake jin wani aikinsa ya warware ba. Hannun kwat ɗin yana cikin akwatin ƙarfensa, tare da fasfonsa na farko da almakashin kawunsa.

Yana tsufa, sababbin zuwa da suka ji labarin rabi da rabi sukan tambaye shi, "Baba, wai da gaske ne ɗinkinka ya taɓa ɓallewa?"

Sai ya ajiye abin da ke hannunsa, fuskarsa ta yi haske.

"Ya ɓalle," in ji shi. "Sau ɗaya, gaban mutum ɗari biyu. Amma sai da ya jira waƙar ta zo wurin."